Daga kududdufi zuwa lambun jama'a: yadda ake tsara filin shaƙatawa mai ruwa

Babu tsohon birni a ƙasar Hausa da ba shi da kududdufai. Ramuka ne da aka haƙa ana ɗibar ƙasar gina gidaje da ganuwa, damina ta zo ta cika su, suka zauna shekaru aru-aru suna shanye ruwan da ke gangarowa daga lungunan Kano da Katsina da Zariya da Damagaram. Yau da yawansu sun koma juji. Wasu an cike su da bola an yanka filaye a kai, ruwan da suke ɗauka kuma ya koma shiga ɗakunan mutane. A gefe guda, in an tashi ƙawata gari sai a gina maɓulɓular ruwa a tsakiyar shataletale, inda babu mai iya tsallaka titi ya je kusa da ita. Ta yi 'yan watanni tana feshi, injin ya tsaya, kwamin ya bushe ya cika da leda.

Abin da wannan jagora ke son nunawa shi ne, wanda zai tsara lambu ko dandali ko bakin kogi mai ruwa a ƙasa mai zafi irin tamu, ba da injin feshi zai fara ba. Zai fara ne da ruwan da ya riga ya san hanyarsa zuwa wurin, ya yi lissafin bazara kafin na damina, sannan ya san wanda zai kula da wurin bayan an gama bikin buɗewa.

Bin sawun ruwa

Kafin a zana komai a takarda, a je filin sau biyu aƙalla: ana tsakiyar ruwan Agusta, da kuma ƙarshen Afrilu lokacin da komai ya ƙafe. A ranar ruwan a tsaya a ga ta ina yake shigowa, ta lambatu nawa, wane launi ne da shi, me yake ɗauke da shi, ta ina yake fita in ramin ya cika. A duba jikin katangun da ke kewaye, domin ambaliya takan bar zanenta a bango. Sannan a zauna da mai unguwa da dattawan da suka daɗe a wurin, da matan gidajen da ke bakin ramin, a tambaye su shekarar da ruwa ya fi yin ɓarna da inda ya tsaya. Wannan layin shi ne iyakar da ba a gina komai mai tsada a ƙasanta. Safiyo zai zo da na'urarsa ya fitar da tudu da gangaren filin, amma bai ga ambaliyar shekara ashirin da suka wuce ba, su kuwa sun kwashe ta da bokiti.

Tambaya ta biyu ita ce ko ruwan saman kaɗai ke shiga, ko har da na kwatar gidaje da masai da marina da mahauta. In har ruwan ƙazanta na shiga, to aikin farko shi ne karkatar da shi, ko da hakan zai cinye rabin kuɗin. Lambun da ke wari babu mai zama a cikinsa komai kyan furanninsa. Lakar da ta taru a ƙasan tsohon kududdufi ma a kai samfurinta ɗakin gwaji kafin a yashe, musamman in akwai majema ko masu gyaran batir ko masu juye baƙin mai a kusa, don a san inda ya dace a zubar da ita.

Sai ƙasar kanta. A haƙa rami mai zurfin rabin mita a wurare uku ko huɗu, a cika da ruwa ya tsotse, a sake cikawa, a auna yadda yake sauka cikin awa guda. Ƙasa mai yumɓu takan riƙe ruwa, ta dace da tafki na dindindin. Jigawa kuwa shanyewa take yi, kuma wannan ba aibu ba ne: irin wannan wuri ya fi dacewa da fili mai kwari da zai karɓi ruwan sama ya tura shi ƙasa, rijiyoyin unguwa su amfana. In dole sai an yi tafki a kan yashi, ana shimfiɗa yumɓu mai kaurin kusan santimita 30, hawa-hawa, ana jiƙawa ana daɓewa.

Akwai kuma takarda. A Najeriya dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen birni a hannun gwamnan jiha, a Nijar kuma ma'aikatar magajin gari ce ƙofar farko. Kowace ce, a tabbata an rubuta filin a matsayin na jama'a, an kafa duwatsun iyaka, kafin a dasa bishiya ko ɗaya. Fili mai kyau a tsakiyar gari yana da masu zawarci da yawa, kuma shago ɗaya da aka kafa a bakinsa yakan jawo layi guda.

Lissafin da bai kamata a tsallake ba

Ƙa'idar mai sauƙi ce: milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Mu ce unguwar da ke zubo wa kududdufi ruwa hekta 10 ce, wato murabba'in mita 100,000, aka kuma yi ruwa mai ƙarfi na milimita 60 a dare ɗaya. Lita miliyan 6 ke nan. Unguwa ce mai rufin kwano da siminti, don haka a ɗauka kashi 70 cikin 100 zai gangaro, lita miliyan 4.2. In faɗin tafkin rabin hekta ne, ruwansa zai tashi da santimita 84 kafin gari ya waye. Ke nan tilas a bar sarari na kimanin mita guda tsakanin inda ruwa yake kwanciya kullum da inda hanyar tafiya take, a ƙara wani santimita 30 zuwa 50 na ko-ta-kwana, a kuma gina mafita mai faɗi da za ta kai rarar ruwa babbar magudana ba tare da ta bi ta gidajen mutane ba.

Lissafi na biyu shi ne wanda aka fi mantawa, alhali shi ke kashe yawancin maɓulɓulai. Ruwan da Kano ke samu a shekara bai cika wuce milimita 1,000 ba, na Yamai bai kai haka ba, amma abin da rana da iska ke iya tsotsewa daga buɗaɗɗen ruwa a wannan yanki ya haura milimita 2,000 a shekara. A bazara ruwa kan ragu da milimita 7 zuwa 8 a yini. Kwami mai murabba'in mita 100, wato taku goma sha biyu ko sha uku kowane gefe, zai riƙa asarar lita 700 zuwa 800 kullum, kusan jarka 30 masu lita 25, tun kafin a lissafa yoyo da abin da iska ke kwashewa na feshi. Tafki kuma zai iya sauka da fiye da mita guda tsakanin Oktoba da Mayu. Duk mai zane ya tambayi kansa: daga ina wannan ruwa zai fito a watan Afrilu, lokacin da maƙwabtan lambun ke layi a bakin burtsatse? In amsar ita ce daga famfon gari, to a rage girman kwamin ko a fasa shi. Ba daidai ba ne a yi ado da ruwan da mutanen unguwa ke saye a hannun 'yan garuwa.

Ɗaya daga cikin misalan da aka fi yabawa a duniya ma yana da wannan nauyi a wuyansa. A Seoul ta Koriya ta Kudu an rushe babbar gadar sama tsakanin 2003 da 2005 aka tono rafin Cheonggyecheon da aka binne a ƙarƙashinta, kusan kilomita 6, ya zama wurin da jama'a ke tururuwa. Amma ruwan da ke gudana a cikinsa injuna ne ke turo shi, tan 120,000 a kullum lokacin da aka buɗe shi, daga kogin Han da ramukan jirgin ƙarƙashin ƙasa. Darasin tono rafin da aka rufe abin ɗauka ne, musamman ga mai tunanin makomar Jakara a Kano ko Gunti Yena a Yamai. Darasin tura ruwa da lantarki dare da rana kuwa ba namu ba ne.

Wanda ya fi kusa da halinmu shi ne dandalin Benthemplein na birnin Rotterdam a ƙasar Holan, da aka buɗe a 2013. Kwari uku ne na kankare masu matakala. Yawancin kwanakin shekara a bushe suke, matasa na buga ƙwallo a babban, mutane na zaune a matakalar suna kallo. In aka yi ruwa mai yawa sai su karɓi na rufin gine-ginen da ke kewaye, har lita miliyan 1.7, su riƙe shi zuwa lokacin da magudanun gari suka samu sarari. Garin da ke da wata bakwai ko takwas na rani babu abin da ya fi dacewa da shi irin wannan: filin ƙwallo da taron biki da sallar idi a rani, ma'ajin ruwa a damina. Sharaɗinsa ɗaya ne, ruwan ya janye cikin kwana biyu, uku in ya daɗe.

Mashiga da gaɓa

Ruwan unguwa ba ya zuwa shi kaɗai. Yana zuwa da yashi da leda da robobi da duk abin da aka zuba a kwata. Don haka a kowace mashiga ana kafa ragar ƙarfe mai tazarar kusan santimita 5, a jingine ba a tsaye ba, yadda mai manjagara zai iya jawo shara sama. Bayan ragar sai ƙaramin rami mai daɓen kankare, kamar kashi ɗaya cikin goma na girman tafkin, inda ruwa zai lafa yashi ya kwanta kafin ya wuce. A yi masa gangaren da baro ko ƙaramar mota za ta iya sauka. Wannan rami ba shi da kyan gani, ba a ɗaukarsa hoto, amma shi ne ke hana tafkin cikewa cikin damina biyar. Daga nan a bar ruwan ya ratsa ta wani sashe mai tsakuwa da ciyayin fadama kafin ya shiga babban tafki. Saiwoyinsu na rage dauɗa.

Gaɓa ita ce inda ake samun rai ko a rasa shi, kuma a nan ne mai zane zai fi shan wahala, domin buƙatu biyu ne suke karo. Yawancin yaran da kududdufi ke ci, gaɓa mai tsayi da santsi ce ke zame da su zuwa zurfin da ba sa tsammani, domin masu haƙar ƙasa a tsaye suke yankarta. Maganin wannan shi ne a kwantar da gaɓar, kowace mita 1 ta sauka a ba ta mita 4 na tsawo ko fiye, sannan a cikin ruwan a bar dandamali mai faɗin mita 2 zuwa 3 wanda zurfinsa bai wuce santimita 30 ba, yadda wanda ya faɗa zai miƙe tsaye. To amma ruwa marar zurfi, mai ɗumi, wanda rana ke duka, shi ne ainihin abin da sauron zazzaɓin cizon sauro ke nema ya yi ƙwai. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi mako guda ne zuwa kwana goma.

Ba a warware wannan da zaɓar ɗaya a bar ɗaya. Ana daɓe dandamalin da dutse ko tsakuwa, a daidaita shi sumul, kada a bar ƙananan ramuka da sawun dabbobi da za su yanke daga babban ruwa in ya ja baya, domin a irin waɗannan ne tsutsar sauro ta fi tsira. Ana barin hanya a buɗe yadda ƙananan kifi za su iya kaiwa har baki; karfasa da 'ya'yan tarwaɗa suna cin tsutsar. Ana rage ciyawar da ta yi cunkoso a bakin ruwa. Tsakiyar tafkin kuma a ba shi zurfin da ko a ƙarshen rani ba zai gaza mita ɗaya da rabi ba, don ruwan ya yi sanyi, kifi ya rayu, kacalla kuma ta kasa kafa saiwa. Wanda ya ga yadda kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru ba zai bar ta ta shiga tafkin lambu ba ko da tushe ɗaya. Kainuwa ma haka: cikin 'yan makonni takan rufe fuskar ruwa, wasu sauraye kuma a saiwarta suke maƙalewa. Bado kaɗan a kusurwa ɗaya ya isa ado.

Don riƙe ƙasar gaɓa, jema ta fi siminti a wurare da yawa. Saiwarta na nutsawa ƙasa sosai, tana jure ambaliya da fari, ba ta kuma yaɗuwa ta mamaye fili. A dasa ta layi-layi a kan gangaren. Inda jama'a za su taru, kamar gaban rumfa ko mashigar lambu, a yi matakala masu faɗi na dutse, kowace santimita 15, masu kaushi ba masu sheƙi ba, domin gansakuka na mayar da tayil tarko. Amfanin matakala shi ne duk inda ruwa ya tsaya, a Satumba ko a Maris, akwai bakin da ya dace da shi. Inda kuwa gaɓa ta zama dole ta tsaya a tsaye, a sa shingen ƙarfe mai tsayin mita 1.1, sandunansa a tsaye, tazararsu ba ta wuce santimita 10 ba, yadda kan yaro ba zai shiga ba kuma ba zai samu abin takawa ya hau ba.

Sai tsargiya, wadda mutanen karkara suka sani da fitsarin jini. Ƙwayoyin cutar na shiga ruwa ta fitsari ko bayan gidan mai ɗauke da ita, su girma a jikin wasu ƙananan katantanwa na ruwa, su fito su huda fatar duk wanda ya shiga. Saboda haka tafkin da ruwan unguwa ke cikawa na kallo ne da shan iska, ba na wanka ba. Allon gargaɗi kaɗai ba ya hana yaro shiga ruwa a watan Afrilu. Abin da ke hana shi, a ba shi wani ruwan da ya fi wannan daɗi, a kuma gina ban ɗaki mai tsabta, na maza daban na mata daban, nesa da gaɓa, ramin masansa a ƙasa da tafkin ta fuskar gangare.

Ruwan da ake taɓawa

Wani Ba'amurke mai suna William Whyte ya shafe shekaru yana ɗaukar hoton yadda mutane ke amfani da dandalolin New York, ya fitar da littafinsa a 1980. Daga cikin abin da ya gano, mutane suna zama ne inda aka tanadi abin zama, kuma ruwan da aka hana su taɓawa rabin amfaninsa ya tafi. Birnin Bordeaux na Faransa ya bi wannan hanya a 2006: shimfiɗar dutse mai murabba'in mita 3,450 a bakin kogin Garonne, ruwa na malala a kanta zurfin santimita 2 kacal, ya janye zuwa tanki a ƙarƙashin ƙasa, ya sake dawowa. Yara na gudu a ciki, babu fargabar nutsewa.

Mu ba ma buƙatar mai wannan girma, rana za ta shanye shi. Daɓe mai kaushi na murabba'in mita 30 zuwa 40 a ƙarƙashin inuwa ya isa, da 'yan bututu da ke tsarto ruwa zuwa ƙugun yaro, ana kunna shi awa biyu bayan la'asar. Ruwan ya zama na burtsatse, kada ya haɗu da na tafki ko kaɗan. Hanya biyu ce: ko a riƙa juya shi ta matacin yashi ana sa masa sinadarin kulorin ana aunawa kullum, ko kuma, in babu mai wannan aikin, a bar shi ya wuce sau ɗaya ya gangara gindin bishiyoyi. Ta biyun ta fi aminci a inda ma'aikata suka yi ƙaranci, ruwan kuma bai tafi a banza ba tunda dama sai an yi ban ruwa. Kada a bar ruwa ya kwana a daɓen. Yaro mai rarrafe ruwa kaɗan ke halaka shi.

Game da maɓulɓula, shawarata ita ce a yi ƙasa-ƙasa da ita. Feshi mai tsayi iska ke rabawa, kuma ƙa'idar masu aikin ita ce nisan bututu zuwa bakin kwami kada ya gaza tsayin feshin, a wuri mai iska ma a ninka. Da hunturu ƙura na toshe ƙananan ramukan bututu cikin kwanaki, don haka bututu ɗaya mai faɗin baki da ke tumbatsa ya fi goma masu tsartuwa. Magabatan Andalus sun gane amfanin yin ƙasa-ƙasa da ruwa tun ƙarni na 13, lokacin da suka jawo ruwan kogin Darro ta doguwar magudana zuwa fadar Alhambra a Granada: siraran hanyoyin ruwa a tsakiyar daɓe, ƙananan kwamaye, gangare kawai ke tafiyar da komai. Ruwa kaɗan ne, amma ana jin motsinsa ko'ina. Sautin shi ne rabin ni'imar. A ƙaramin lambun Paley da ke New York, wanda aka buɗe a 1967, ruwan da ke zubowa a jikin bango mai tsayin mita 6 shi ke danne ƙarar motoci. Bango mai mita ɗaya da rabi a gefen da ke fuskantar titi zai yi irin wannan aiki a dandalin unguwa.

Injin ya zama na sola, mai ƙaramin ƙarfin wuta, volt 12 ko 24, irin wanda ake samun kayan gyaransa a kasuwar garin. A tura ruwa tanki a sama da rana, ya sauko da kansa da yamma, ba sai an sayi batir ba. Duk wayar da ta kusanci ruwa a bi da ita ta na'urar da ke yanke wuta da zarar ta zube, a kuma gwada ta kowane wata. Sannan a zana kwamin yadda ko ranar da babu ruwa zai yi kyan gani, a iya zama a bakinsa, domin wannan rana za ta zo.

Inuwa da zama

Ruwa na jawo mutum, inuwa ce ke zaunar da shi. A fara dasa bishiyoyi tun daminar farko, kafin a zuba siminti ko buhu ɗaya, a kewaye su saboda awaki. Giyayya da kanya da ɓaure suna son bakin ruwa. Maɗaci da tsamiya da darbejiya na hanyoyin tafiya ne. Gawo na da ganye a rani lokacin da ake neman inuwa. Ceɗiya da durumi inuwarsu babu kamarta, sai dai saiwarsu na fasa kankare da bututu, a nisanta su da kwami da mita 10 aƙalla. A fi cika bishiyoyi ta yamma, saboda ranar la'asar, da ta arewa maso gabas don tare ƙurar hunturu. Ciyawar turawa mai shan ruwa kullum a taƙaita ta.

Dakali mai tsayin santimita 45 shi ne abin zama mafi araha da daɗewa. Bakin kwami da katangar gindin bishiya duk a yi su a wannan tsayi. Kada a jera kujeru a layi ɗaya suna kallon gaba: mutanenmu hira suke zuwa yi, a majalisa ko a fada, don haka a lanƙwasa dakalin, a bar daɓe mai tsabta na shimfiɗa tabarma. A ware sashen iyali kusa da wurin wasan yara, a fili yadda ana hango shi daga ko'ina amma ba a kan hanyar wucewar samari ba. Lambun da mata ba sa sakewa a cikinsa bai cika na jama'a ba, kuma hanyar sanin abin da suke so ita ce a tambaye su tun ana zane. Babbar hanya ta kai faɗin mita 3, gangarenta mai sauƙi da keken guragu zai hau, kada ya wuce 1 cikin 12, da ɗan tudu a gefe da sandar makaho za ta bi. Wurin alwala da na salla, fitilun sola a kan hanyoyi, da rumfunan mai shayi da mai ƙosai da mai tsire a bakin ƙofa, da famfonsu da kwandon shararsu. Masu sana'ar nan su ne idon lambu da dare.

In kogi ne

Bakin babban kogi wani abu ne daban, domin ba a yi masa iyaka. A damina ta 2020 kogin Kwara ya kai matsayin da ba a taɓa aunawa ba a Yamai, ya fasa shinge ya shiga unguwanni. A Satumba 2024 Maiduguri ta nutse bayan ɓallewar dam ɗin Alau. Don haka gaɓar kogi hawa uku ake yi mata. Na ƙasa, wanda ruwa ke rufewa duk shekara, a bar shi ga ciyawa da matakalar dutse da mashigar kwalekwale. Na tsakiya hanyar tafiya da filin wasa da dakalin da ruwa ba zai ɗauka ba. Ban ɗaki da shaguna da kayan wuta sai a na sama, bayan layin ambaliya mafi muni. A Singafo, a lambun Bishan, an fasa magudanar kankare mai kilomita 2.7 aka mayar da ita rafi mai lanƙwasa a 2012, gefensa na karɓar ambaliya, aka kuma kafa jiniya da fitilun da ke gargaɗin mutane su hau sama in ruwa na tasowa. Ko sanda mai alamar ja da mai gadi da usur za su yi wannan aiki. Masunta da masu wanki da masu lambun kayan miya da masu shayar da dabbobi da aka tarar a wurin a ba kowa mashigarsa a cikin zanen. Sun riga lambun zuwa, kuma abincinsu a nan yake.

Wa zai riƙe shi

Lambun Azhar na Alƙahira, hekta 30, an gina shi ne a kan tarin juji na shekara 500, Gidauniyar Aga Khan ta kashe kimanin dala miliyan 30, aka buɗe shi a 2005. Abin koyi a wurinsa bai tsaya ga kyan magudanansa ba. Tun farko an tsara inda kuɗin kula da shi zai riƙa fitowa, daga kuɗin shiga da gidajen abinci, an kuma horar da mutanen unguwar Darbul Ahmar da ke maƙwabtaka aka ɗauke su aiki. Ni dai ban goyi bayan kuɗin shiga a lambun unguwa ba, domin talakan da ɗakinsa ya fi zafi shi zai rasa. Hayar rumfuna da wurin ajiye ababen hawa da kamun kifi sau ɗaya a shekara za su iya ɗaukar albashin mai gadi da mai shara, in an rubuta yarjejeniya tsakanin ƙaramar hukuma da kwamitin unguwa, aka buɗe asusu na daban, ana karanta lissafinsa a bainar jama'a.

Aikin da kansa sananne ne. Bayan kowane ruwan sama a kwashe sharar raga. Kowane mako a wanke matacin inji, a tsame kainuwa, a ɗebi ruwan gaɓa a farin kwano a duba ko akwai tsutsar sauro. Kafin a karɓi aiki daga ɗan kwangila a cika kowane kwami a yi masa alama, a ajiye bokiti cike da ruwa a gefensa kwana biyu: in kwamin ya fi bokitin sauka, yoyo yake yi, kada a sa hannu. A kuma riƙe wani kaso na kuɗinsa har damina ɗaya ta wuce a kan aikin. Yashe ramin mashiga kuwa a watan Afrilu ko farkon Mayu ake yinsa, lokacin da ya bushe, a yi gayya a gama kafin ruwan farko ya sauka.